Mai Yatsun Zinariya da Kazar Inna Veturia

Duk wanda bai ji kiɗan Dorinel Bâzgă ba, kunnuwansa ado ne kawai. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa. Har ya sa an rubuta kirarinsa a jikin mota: Mai Yatsun Zinariya. Zobba takwas ne a yatsun nan, sarƙar wuyansa kuwa ta isa ɗaure saniya.

Tun da ya dawo daga Italiya da fiyanon lantarki, kiɗan kakanninmu ya samu gata. Ya kwaso tsofaffin waƙoƙin rawa ya zuba musu gangunan inji, har tagogi na karkarwa. "Ni kaɗai makaɗa goma ne," in ji shi. "Goge? A kai shi gidan tarihi!" Tsoho Gligor, wanda gogensa ya aurar da rabin ƙauyenmu, dole ya koma kiwon zuma.

Abu ɗaya ya rage wa gwanin: Petrișor, mai babban zauren biki a garin Turda, ya ɗauke shi makaɗin zaurensa. Sai ga shi Petrișor ne uban aure a bikin da Dorinel zai yi wa kiɗa ranar Asabar. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar kuwa Dorinel ya nuna bajinta. Ido a rufe, kai na kaɗawa, yatsu na shawagi, gumi har cikin takalmi. "Jama'a, ku gode wa Allah da ya haife ku a zamanina!" in ji shi.

Da la'asar aka zo rawar kaza. Inna Veturia mai girkin biki ta fito da gasasshiyar kaza a tire, an yi mata ado da furanni, za ta taka har gaban uban aure tana jifansa da baitukan tsiya. Ko yaro ya san ƙa'idar: makaɗi ƙafar mai girki yake kallo. Ta taka ya bi ta, ta tsaya ya yi shiru a ji bakinta.

Inna ta tsaya ta buɗe baki, kiɗa bai tsaya ba. Ta sake takawa ta tsaya, kiɗa ya haɗiye baitin da ta yi mako tana wasawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Kai ɗan nan, kurma ne kai? Sassauta mana!"

Ina! Gwani ya yi nisa, ba ya jin kira.

Sai ta hau dandamalin. "Ungo, riƙe min, takalmina ya kwance." Ta dangwara masa tiren a ƙirji. Don tsoron kada maiƙo ya ɓata masa farar kwat, Dorinel ya cafe da hannu biyu.

Kiɗa ya ci gaba abinsa. Kai, a daidai nan ma fiyanon ya saki wani salo mai daɗi wanda ya fi na ɗazu. Mutum ɗari biyu suka kalli akwatin kiɗan, suka kalli yatsu goma da ke tallafe da kaza. Ashe tun safe injin ke aiki, zobba na karɓar tafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Petrișor ya share hawayen dariya ya miƙe. "Shi ke nan, na ɗauka!"

Fuskar Dorinel ta washe.

"Akwatin nake nufi, shi ya iya kiɗa. Kai kuma na ga hannunka ya faɗa da riƙon tire. Ka zo ranar Litinin, muna neman masu rabon abinci."