Hanyar Da Na Samo A Bayan Kona

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na naɗa kaina jagoran hawan dutse ba, ni da ko a kasuwar Jalingo nakan manta inda na ajiye mashin.

Muna da 'yar ƙungiya ta abokan ofis, mu takwas, yawancinmu masu tumbin da likita ya yi wa kashedi. Duk Asabar mukan taka daga Majidaɗi zuwa babban titi mu dawo, sannan mu zauna wajen mai ƙosai mu mayar da abin da muka zubar. Ni na kawo shawarar mu bar kwalta mu hau duwatsun bayan Kona, na kuma ce a bar mini neman hanya.

Ainihin dalilina kuwa Baba ne, mahaifina. Tun da hawan jini ya kwantar da shi bayan ritaya ya daina fita, ya daina hira. Wata bakwai daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanu a dajin nan. Likita ya ce tafiya ce rabin maganinsa, amma Baba ya ƙi. Abin yana ci mini rai sosai. Na yi ta lallashi har ya gaji ya ce, "Sau ɗaya zan bi ka. In ka wahalar da ni a banza, kada ka sake zo mini da zancen."

To, na ga bidiyoyin Turawa masu yawon duwatsu a waya, na kuma lura hanyoyinsu duk da alama, ko fenti a jikin bishiya ko duwatsu a jere. Ranar Alhamis bayan aiki na je gindin dutsen. Ban yi tafiyar minti biyar ba sai ga doguwar ciyawa an ƙulle kanta. Gaba kaɗan ga wani ƙullin, can ma ga wani. Wallahi sai da na yi kabbara. Na ɗauki hoto na tura wa 'yan ƙungiya: "Na samo hanya mai alamomi, irin ta ƙasashen waje." Ban bi ta na ga ƙarshenta ba (na ce musu magariba ce ta gabato, amma gaskiya gwiwata ce ta fara ƙara).

Ranar Asabar na fito da sabon takalmi mai wuya, malafa, sandar ƙarfe, da jakar goyo cike da guzurin kwana uku don tafiyar awa uku. Baba kuwa tsohon kaftani da takalmin roba. Da muka isa ƙullin farko na tara jama'a na yi lacca a kan yadda ƙwararru ke karanta daji. Baba ya dubi ƙullin, ya dube ni, ya ce, "To, Malam Jagora, mu je." Ni kuma na ɗauka girmamawa ce.

Muka kutsa. Ciyawa ta fi kanmu, raɓa ta jiƙa mu har ƙugu, ni a gaba ina ihu, "Ga wani nan!" Bayan kusan rabin awa muka wuce wata ɗorawa mai falalen dutse a gindinta, inda Sale direban ofis ya tsaya ya ci ayaba. Muka ci gaba. Can sai ga wata ɗorawar.

Madam Rifkatu, abokiyar aikinmu da ba ta iya ɓoye magana, ta ce, "Oga, ba wannan bishiya muka wuce ɗazu ba?"

Na ce mata bishiyoyin daji kama suke yi, sai wanda ya saba ke bambancewa. (Allah Ya yafe mini.)

A karo na uku Sale ya sunkuya ya ɗago ɓawon ayabarsa. Kafin na ƙirƙiro wani bayanin, sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin ciyawa riƙe da lauje, ranta a ɓace.

"Kai! Wane ya kawo ku? Tun safe ina ganin ku, kuna juya, kuna juya. Ciyawa na ne! Ni na ɗaure shi, kowa ya san yana da mai shi. Ɗaki na yana yoyo, da shi zan rufe. Kun taka mini shi duka!"

Ashe haka mutanen wurin ke yi: mai son ciyawar jinka sai ya ƙulle kawunanta a kewaye, ya kama wurin kenan har ta bushe ya yanka. Iyakar ciyawar baiwar Allah muka zagaye sau uku, mu tara, da jakunkuna.

"Wane ne babba a nan?" in ji ta.

Yatsu bakwai suka nuno ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Amma abin da ya fi tsorata ni Baba ne, don na san shi ke nan, ba zai sake fitowa ba. Na waiwaya na gan shi zaune a kan falalen, kai a sunkuye, kafaɗunsa na rawa. Na ruga a guje na zaci ciwon ne ya tashi. Dariya yake yi, har da hawaye. Rabon da na ji dariyarsa tun kafin asibiti.

"Baba, dama ka sani?"

"Tun ƙullin farko."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka ce irin ta ƙasashen waje ce. Ni kuwa ban taɓa fita waje ba."

Ya miƙe ya gaida tsohuwar, rabi Hausa rabi Fulatanci, ya ba ta haƙuri, ya yi mata alkawarin idan ciyawar ta bushe mu za mu yanke mu kai mata har gida (mun cika alkawarin, bayana shaida ne). Sannan ya tambaye ta inda makiyaya ke hawa da shanu. Ta nuna da lauje. Ya karɓe sandata ya gicciya a kafaɗa, ya ce mu bi sawun shanu, don su ba sa zaɓar hanyar wahala. A hankali, yana hutawa muna hutawa, ya kai mu har sama. Ga Jalingo shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano na walƙiya, Baba yana nuna mana inda ya taɓa shayar da garken kakanmu.

Muna saukowa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Asabar mai zuwa ku zo da wuri. Akwai wata hanya ta wancan gefen, tana bi ta rafi."

Yau kusan shekara guda kenan, kuma shi ke buga mini ƙofa. Ni dai na koyi darasina: mai neman hanya a daji ya fara tambayar wanda ya yi kiwo ko yankan ciyawa a wurin, musamman in a gidansu yake zaune. An sauya mini muƙami, yanzu ni ke ɗaukar ruwa a can baya, kuma ba a yarda na ce "ga wata hanya" ba sai Baba ya sa hannu.