Rasuwar Doris, Mai Kai Magana Cikin Hular Kwano

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Marlys Tollefson ta garin Kalispell tana sanar da 'yan ƙungiyar babur da ke karyawa a gidan abincin nan kowace Asabar rasuwar Doris, 'yar na'urar magana da ke maƙale a hular kwanonta. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a hanyar tafkin Flathead, tana da shekara tara, saura kwana shida a tashi babbar tafiya.

Duk wanda ya san Marlys ya san ba ta iya haɗa ido da mutum ta yi magana. Ko mahaifinta Duane ne ya tambaye ta abin da take so, sai ta ce kome ma ya yi. Amma in ta hau bayan babur ɗinsa ta rufe gilashin hula, ba ta ganin kome sai ƙeyarsa, nan bakinta ke buɗewa. Marigayiya ce ke ɗaukar maganar ta kai kunnensa. Ta bakinta Duane ya ji cewa 'yarsa ba ta son burodi da kifin gwangwani, bayan ya shekara goma yana yi mata guzurinsa. Ta bakinta kuma ya ji tana kewar mahaifiyarta.

Doris mai haƙuri ce. Shekara tara tana ɗaukar waƙar Duane, ba ta taɓa kashe kanta ba. Ba za a manta muryarta ba: “Ƙirrr… 'yar Baba, kina ji na? Dubi dutsen can! A'a, ba wannan ba, kin makara, ya wuce.”

Da ita aka tsara tafiyar nan. Hunturu uku taswira na shimfiɗe a teburin kicin, ana cin abinci a tsaye. Da Duane ya ga 'yarsa kai kawai take gyaɗawa, sai ya ɗauko huluna biyu suka sa, suka zauna a kicin kamar masu jiran tashin jirgi. A haka Marlys ta samu aka ƙara bakin tekun Oregon da manyan itatuwan California bayan duwatsun Glacier. Mil dubu uku, kwana ashirin da ɗaya. A saman takardar tsarin Duane ya rubuta: babur ɗaya, mutum biyu. Har ya ɗinka wa kujerar baya sabuwar fata, ya sa mata majingini.

Ciwon ajali ya faro ne bayan ruwan saman watan Mayu. Ta fara tari, tana haɗiye rabin magana. An kwantar da ita kwana uku cikin shinkafa don ta tsotse ruwan, ta ɗan farfaɗo.

Ranar Lahadi aka fita gwajin ƙarshe. Marlys na da wata magana da ta riƙe wata bakwai. Mil arba'in tana tattara ƙarfin hali, sannan ta ce, “Baba, ina da magana.” Marigayiya ta kawo amsa: “Banɗaki ne? Riƙe, saura kaɗan… tsss.” Marlys ta ce ba shi ba ne, ta runtse ido ta zazzage duk abin da ke ranta, mil shida cur, har da kuka. Da ta ji shiru sai ta ɗauka fushi ya yi. Sai da suka tsaya shan mai ta gane tun daga gadar da suka haye bayan maganar banɗaki babu abin da ya kai kunnensa. Ya zaci barci take yi.

Marigayiya ta rasu ta bar abokiyar tagwaitakarta a hular Duane, wadda yanzu ba ta da abokiyar hira, da igiyar caji guda, da saƙo ɗaya da ba ta isar ba. Allah ya ji ƙanta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, kafin a kama hanya. Za a cire batirin a kai inda ake karɓa, a binne sauran a gindin bishiyar bayan garejin gidansu. Ana roƙon Duane, wanda ke karanta allon sanarwar nan kullum da kofi a hannu, ya ajiye kofin tukuna.

Daga gidan abincin nan za a ɗauki gawa a kan wani shuɗin babur, wanda ya yi wata bakwai a ɓoye a rumbun maƙwabciyarsu Verna. Mai shi ce za ta tuƙa. Sunanta Marlys Tollefson, lasisinta na aljihu, kuma da shi take son zuwa teku, tana bin bayan mahaifinta kamar kullum, sai dai da ɗan rata. Sabuwar kujerar baya za ta ɗauki tanti da kyau.

Ba a buƙatar furanni. In Baba ya yarda, ya gyara abin da ya rubuta a saman takarda. In kuma yana da faɗa, don Allah kada ya yi shi ido da ido. Ya bari a sayo sabuwar na'ura.