Ranar da Na Ɗauke Kujerar Sarkin Ruwa

Da sabon digirina na haɗa kan al'umma na sauka ƙauyen masunta kusa da Wara, ina ji da kaina. An koya mana cewa a taro kowa daidai yake, sai na ɗauke kujerar Sarkin Ruwa, shugabansu, na shimfiɗa tabarma ɗaya.

Da ya iso, ya zauna a kanta. Nan take kowa ya zame ya koma kan yashi. Na ce a naɗe tabarmar ma.

Wani tsoho ya ce, "Ɗana, in Sarki ya zauna ƙasa, mu rami za mu haƙa?"

Har yau in na shiga kasuwar kifi, sai na ji, "Malam Daidai, ka zo da shebur?"