Ranar da Na Ba Tarakta Man Awara

Ruwan shuka ya sauka a Sandamu, gonar Baba na jiran huɗa, dizal ɗin da ke cikin tsohuwar taraktarmu kuwa ko rabin gona ba zai kai ta ba. Sai na gyara murya kamar babbar masaniya.

"Baba, a waya na gani, irin wannan injin yana shan man gyaɗan da aka yi suya da shi. Haɗawa kawai ake yi."

Kawu Sale, mai tuƙa taraktar, ya ce, "'Yar nan, kin tabbata?"

Na ce, "Kawu, kimiyya ce."

Na kinkimo jarkar man da Inna ta soya awara da shi, na tuttula a tanki. Ashe bidiyon ya ce a tace man, ni dai ban kalla har wurin ba.

Wallahi taraktar ta tashi! Har na fara tunanin mayafin da zan yafa in 'yan jarida sun zo. Layi biyu ta yi, hayaƙin attaruhu ya turnuƙe gonar. Kawu na tuƙi yana hawaye, masu shuka na atishawa. Can ta yi tari uku, ta mutu.

Da bakanike ya kwance filta, albasa ya zaro. Ya nuna wa Baba ya ce, "Alhaji, saura gishiri."

Da shanun maƙwabci aka ƙarasa huɗar. Har yau in na kai wa Kawu abinci, sai ya leƙa kwanon ya ce, "Injiniya, wannan nawa ne ko na tarakta?"