Fulawar da Ba ta Kwaɓuwa

Laifin da zan yi magana a kansa yau shi ne ƙin tambaya, ciwon da ke kama mutum da zarar an ɗora shi a kujera mai juyawa.

Shekaranjiya na sha rana a filin unguwarmu a Babura. Mai Girma Uban Talakawa na Lokacin Zaɓe, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya yi alkawarin raba wa mata fulawa kafin azumi. Maƙwabciyata Asma'u, wadda da suyar fanke take riƙe da marayunta, har ta sayar da kajinta ta sayi mai da sukari, gari kawai take jira.

Mota ta iso daga Kano, aka yaye tamfol. Jama'a, furanni! Ja da rawaya, cikin 'yan tukwanen roba, sai rangaji suke yi.

Asma'u ta dube ni. "Baba, shi wannan da ruwan ɗumi ake kwaɓa shi ko da na sanyi?"

Na nufi Zaharadeen, Babban Mataimaki na Musamman kan Latsa Waya, wanda ya tura odar. Na ce, "Ranka ya daɗe, me muke gani haka?"

Ya gyara tabarau. "Baba, matsala ce ta Turanci, ba lallai ka gane ba. Kalmomi biyu ne, flour da flower. A baki iri ɗaya ne, a rubuce suka bambanta. Ta farko garin burodi, ta biyu fure. Ta biyun ce ta tafi."

"Ita ta tafi da ƙafarta?"

Ni boko bai wahalar da ni ba, aji uku na yi. Amma mu ma duk fulawa muke ce musu, kuma ban taɓa ganin matar da ta je sayen fulawar fanke ta dawo da fure ba. Kalma tana da maƙwabta, su ake duba. In na ce gari ya ƙare a gidana, wa zai ɗauka Babura ce ta watse?

Daudu direba ya raɗa mini cewa mai furannin ma sai da ya kira. "Yallaɓai, na ga an ce buhu-buhu, an ce na azumi. Anya ba gari ake nufi ba?" Sai namu ya ce masa, "Ka fi ni Turanci ne? Loda abin da na rubuta!"

Mai Girma kuwa, gwanin gwanaye, bai ko ƙifta ido ba. Ya karɓi lasifika ya sanar da Shirin Ƙawata Karkara. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

Sai matan suka nufi motar. Kowace ta ɗauki tukunyar furenta, suka jera su a ƙofar gidan su Zaharadeen, suka shimfiɗa tabarmi. Asma'u har da kaskonta. Ta ƙwala masa kira.

"Ɗan nan, ga mai, ga sukari. Fito ka nuna mana yadda Turawa ke soya shi."

Jiya da la'asar buhunan gari suka iso, na gaske, masu ƙura. Yau da fanken Asma'u na karya.

Ga abin da Zaharadeen ya rasa: babur ɗinsa, da aka sayar aka sayo garin, wayar ofis, kujerar gaban mota, da sunan da ubansa ya yanka masa rago, don yanzu ko limaminmu Ɗan Fure yake ce masa.

Mai Girma bai rasa komai ba. Na ji ma wai an ware kuɗin ban-ruwa.