Tagar Kudu ta Farfesa Neville

Neville Pargeter bai taɓa ɓoye wa kowa cewa ya raina ƙasarsa ba, kuma a nan dole a yaba masa, don mutum ne mai gaskiya. A Canberra, babban birnin Ostiraliya, aka haife shi, a Canberra ya yi aiki har gashin kansa ya zube, amma in ka ji yana magana sai ka ɗauka jirgi ne ya yi kuskure ya sauke shi a nan. Burodin Ostiraliya bai kai burodi ba. Likitan Ostiraliya ɗan koyo ne. Ko ruwan sama ne ya sauka a kan rufinsa, sai ya ce na Turai ya fi tsari. Sau ɗaya ya taɓa zuwa taro Amurka, lokacin yana babban jami'i a wata ma'aikatar gwamnati, kuma har yau bai gama dawowa ba. Unguwa kaf Farfesa take ce masa. Shi ya ɗauka girmamawa ce, ba kuma wanda ya ga amfanin gyara masa.

Matarsa Raelene ba ta da lokacin raina kowa. Ciwon gaɓɓai ya kama mata hannuwa, yatsunta sun kumbura sun karkace, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Abin da ta samu yana sa ta runtsa shi ne ɗan man wiwi da ƙanenta Kev yake dafa mata. To Kev ya samu aiki can arewa mai nisa, ya tattara ya tafi. Kafin ya tafi ya bar mata kwalba ɗaya ta man, da 'yan tsirran wiwi huɗu a ƙananan tukwane. Dokar Canberra ta yarda wa kowane baligi tsiro biyu, amma ba ta yarda a saya ko a sayar ba. Ke nan in waɗannan huɗun suka mutu, kwalbar kuma ta ƙare, ba shagon da Raelene za ta nufa.

Niyyarta ta ajiye su inda take ajiye sauran shuke-shukenta. Sai Allah ya kawo mata ɗauki, ba tare da ta roƙa ba.

"Raelene," in ji Neville, hannuwansa a baya, "wannan ba tumatir ba ne. Wannan kimiyya ce. Ƙanenki mutumin kirki ne, amma da ka yake aiki, kamar kowa a ƙasar nan. Ki bar min. Zan bi abin daga tushe."

Tushen kuwa wani littafi ne mai kauri da ya yo oda daga Kalifoniya ta Amurka. Littafin ya ce masu shuka a cikin ɗaki su sa fitila ta musamman. Doka ta hana wannan, kuma Neville bai taɓa taka doka ba, shi dai ya iya rubuta ta. Littafin ya ce wanda ba shi da fitila, ya nemi tagar da ke fuskantar kudu, don can rana take yini. Neville ya ja layi a ƙarƙashin wannan magana da jan biro.

Sai dai Ostiraliya a kudancin duniya take, Amurka a arewaci. Kowane yaro a unguwar nan ya san ta arewa rana ke shigo mana gida. Kowace mage ta sani. Amma yaro da mage ba a Kalifoniya aka buga su ba.

Tagar kudu a gidan Pargeter tana ɗakin da suke jibge akwatuna. Ɗaki ne mai sanyi da warin danshi, bangonsa ya yi fumfuna, ko da tsakar rana sai ka kunna wuta kafin ka ga takalminka. Nan Farfesa ya jera tukwane huɗu, ya manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga sai da izini.

Tsirrai suka yi abin da duk mai rai zai yi in an kulle shi a duhu. Suka miƙe sirara kamar tsinken tsintsiya, suka yi fari-fari, suka jingina da gilashi suna neman abin da babu. Sabon ganye ya ƙi fitowa. Mutum mai ƙaramin ilimi da sai ya ce rana suke so. Farfesa ya wuce nan.

Da farko ya gano ruwa ne. Ruwan famfon Canberra, a cewarsa, ruwan gama-gari ne. Ya sayo ruwan kwalba na Faransa, yana ba su safe, rana da yamma, har ƙasar tukwanen ta koma taɓo, ƙananan ƙudaje suka tare a ciki. Tsiro na farko ya kwanta bai tashi ba. Neville ya ce dama da rauninsa aka haife shi.

Sai ya gano yunwa ce. Littafi ya ce cokali ɗaya na taki. Neville ya yi lissafi cewa tsiron Ostiraliya a baya yake da nisa, sai an ninka masa kafin ya kamo na Amurka. Ya ninka, ya sake ninkawa. Bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe. Na biyu ya bi ɗan'uwansa.

Mutumin da ya kashe tsiro biyu da hannunsa ai ya zama gogagge, kuma zunubi ne gogagge ya zauna da ilimi a ciki. Don haka Neville ya buɗe aji duk Asabar, don koya wa 'yan koyo yadda ake gano abin da ke hana tsiro girma. Maƙwabta suka riƙa zuwa, saboda Raelene tana toya kek mai kwakwa, kuma kallo kyauta ne.

"'Yan'uwa," in ji shi, ya tumɓuke na uku daga tukunya yana karkaɗe masa ƙasa, "ɗan koyo ganye yake kallo. Masani saiwa yake kallo. Ni duk mako sai na fito da shi na duba ko yana ci gaba."

Haka yake yi wa ƙananan ma'aikata lokacin yana ofis, kuma su ma ba wanda ya yi tsawo a ƙarƙashinsa.

Dulcie, tsohuwar da ke gidan da ke jikin nasu, ta leƙo da kek a hannu. "Farfesa, wannan wiwi ne ko zaren ɗinki? In zare ne ka ba ni, maɓallin rigata ya cire."

"Dulcie, abin da kike gani ana kiransa lokacin tattara ƙarfi."

"To ya tattara da sauri, ɗan'uwa. Na ga mijina yana irin wannan tattarawar, da sati ya zagayo muka binne shi."

Kafin wata Asabar na uku ya gama tattarawa.

Raelene ta jira mutane suka watse. Ta dai ɗaga kwalbar Kev ta duba a haske, ta ga man ya kusa ƙarewa. Sannan ta tsaya a ƙofar falo tana kallon mijinta. Kullum da safe nan yake, cikin babbar kujerarsa, a gaban faffaɗar tagar arewa, rana ta cika masa sanƙo har yana ƙyalli. In ranar ta matsa, sai ya ja kujera ya bi ta, idonsa bai bar shafi ba. A nan, cikin wannan ɗumi, yake karanta cewa rana a kudu take.

Ranar da ya fita sayen ma'aunin zafi na Jamus, Raelene ta kira Dulcie ta kan katanga. Tsofaffi biyu, ɗaya ba hannu ɗaya ba gwiwa, suka ja kujerar nan da nishi da zagi har ɗakin akwatuna. Suka ɗauko tsiro na ƙarshe, suka ɗora shi a kan teburi daidai inda kujerar take.

Neville ya dawo ya tsaya turus.

"Raelene, kin san abin da kika yi? Kin rushe tsari na watanni."

"Nev, a ina kake shan rana kullum?"

"Wannan daban. Ni mutum ne."

"Ka kashe naka biyu, ka ci ɗaya cikin nawa. Wannan nawa ne, doka ma ta ce nawa ne. Ka taɓa shi, da hannun nan mai ciwo zan buga maka littafin a ka."

"Littafin ya ce kudu."

"To ga ka ga kudu. Kujerarka na can tana jiranka."

Neville mutum ne mai aƙida. Ya shiga ɗakin akwatuna ya zauna, da rigar sanyi biyu da bargo a gwiwa, don ya nuna wa duniya cewa wurin ba shi da laifi. Ya fito da mura.

Tsiron kuwa, da aka bar shi da rana da ruwan famfo jefi-jefi, ba mai tumɓuke shi, sai ya yi abin kunya. Ya miƙe. Ƙaransa ya yi kauri, ya fitar da ganye kore shar, ya kuma fitar da wani. Raelene ba ta yi murna da baki ba. Takan dai juya tukunyar da safe, ta wuce abinta.

Unguwa ta zuba ido ta ga yadda Farfesa zai haɗiye wannan. Wasu har sun ɗan tausaya masa. Ba su san girman mutumin ba. Kwana da kwanaki yana zagaya gidan da littafi a hammata, yana duban rufi, yana duban sama, yana gyaɗa kai. Ranar Asabar ya tara aji a falo, ya tsaya kusa da tsiron, kusa sosai yadda baƙo zai ɗauka nasa ne.

"'Yan'uwa," ya ce, yana jan hanci, "bincike ya kammala. Littafi ya ce rana ta tagar kudu take shiga. Ga rana nan tana shiga ta wannan tagar. Ke nan wannan tagar ce ya kamata ta kalli kudu. Littafi bai yi kuskure ba, ni ma ban yi ba. Magini ne ya gina mini gida a juye. Aikin ƙasar nan ke nan."

"Ai nawa ma haka yake, Farfesa," in ji Dulcie. "Da na kowa a layin nan. Har coci."

Neville ya rufe ido, kamar likitan da aka tabbatar masa da abin da yake tsoro.

"Ashe ɓarnar ta fi yadda na zata," ya ce. "To ina roƙonku abu ɗaya. Duk wanda ya san lauya mai kyau, ya kawo min sunansa, mu haɗu mu kai ƙarar maginin nan. Amma don Allah, kada ya zama lauyan nan ƙasar."