Namadi a Layin Lilo

Duk wanda ya taɓa shiga layinmu a Kantin Kwari ya san Namadi mai shadda. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Shagonsa na jikin nawa. Mutum ne mai kirki da kyauta, sai dai Allah ya zuba masa surutu. In ka tsaya tambayarsa kuɗin yadi, kafin ka tafi sai ka san sunan kakarsa da ciwon da ya yi ajalinta. Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa wa kowa ba, mu ma da ido muka gane shi: Namadi na tsoron hawa sama. Ko bandir ɗin yadi ne a kantar sama, sai ya ce bayansa na ciwo, a sauko masa da shi. Gadar sama kuwa, gara ya ratsa titi direbobi na zaginsa da ya taka ta.

To, 'yarsa ta fari, Rumasa'u, ta zo ta ɗaya a ajinsu. Daɗi ya kwashe shi, ya ce ta faɗi duk abin da take so. Shi a zatonsa keke za ta ce, ko kaza gasasshiya. Sai yarinya ta ce ranar yawon Sallah take so ya kai ta filin wasa, su hau Kwale-kwale ita da shi, don ta riga ta gaya wa ƙawayenta babanta ba ya tsoron komai a duniya.

Ni ya ja na raka su, wai in riƙe musu kaya.

Kwale-kwalen nan wani ƙaton lilo ne na ƙarfe mai siffar jirgin ruwa, an rataye shi tsakanin turaku. Mutane su zauna a ciki bibbiyu, inji ya dinga wurga shi gaba da baya, yana ƙara sama, yana ƙara sama, har sai na ciki sun ga ƙasa ta koma inda sama take. Muna shiga filin muka ji ihun mutanen cikinsa tun daga ƙofa. Namadi ya ɗaga kai ya kalle shi, ya ce, "Wannan ɗan abin ne ake ta zuzutawa?"

Suka shiga layi. Layi ne dogo da ya nannaɗe tsakanin ƙarafa kamar na gidan mai. Ni ina wajen ƙarfen, rungume da jakar Rumasa'u da gorar zoɓo, ina bin su a gefe. A bayansu akwai wani dattijo siriri mai farin gemu, da hula zanna da ta sha wanki, riƙe da hannun wata yarinya sa'ar Rumasa'u. Kafin a yi taku biyu Namadi ya juya.

"Barka da Sallah, Baba. Jika aka rako?"

"Barkanmu, ɗana. A'a, ita ta rako ni. Daga Ringim na zo wajen 'yata. Tun jiya Zulai ke ba ni labarin abin nan, na ce tun da na zo duniya ban taɓa ganin gari daga sama ba, bari in gani kafin a kira ni."

"Kai, Baba! Da shekarunka? Ba ka jin tsoro?"

"Ina ji mana. Kai fa?"

Namadi ya yi wata dariya, ya gyara zaman hularsa. "Ni? Baba, ai ni kafin in kama kasuwanci aikin hawa turakun waya na yi. Dogayen nan masu jan fitila a kai. A can sama nake cin abincin rana. Wataran ma har barci ya ɗauke ni, sai shaho ne ya tashe ni."

Na buɗe baki, ya watso min wata harara, na mayar da shi na rufe. Rumasa'u kuwa ta kalli Zulai tana washe haƙora. "Kin ji ko? Na gaya miki."

"Ikon Allah," in ji dattijon. "To na yi dace. Kusa da kai zan zauna."

Layi ya motsa. Kwale-kwale ya sake tashi da wasu, wata mata a ciki tana ta kiran sunan uwarta. Na ga gumi ya fara tsattsafo wa Namadi ta ƙasan hula. Ya waiga baya, ya hango wata mata da 'yan biyu.

"Hajiya, bismillah, ku wuce gaba. Ai bai kamata mai yara ƙanana ta tsaya a rana ba."

Matar ta yi godiya ta wuce. Ya sake waigawa. "Samari, ku ma ku wuce, na ga kamar sauri kuke." Suka wuce. Ya ga wasu amarya da ango, lalle bai gama fita a hannunta ba. "Ango, haba, ai ku manyan baƙi ne. Ku wuce, Allah ya ba da zaman lafiya." Kafin ka ce haka, Namadi ya zama kamar ɗan sandan kan hanya, yana ba da hannu, kowa na sa masa albarka.

Sannan ya dubi dattijon. "Baba, kai ma ai sai ku wuce, kada tsayuwa ta yi maka yawa."

"A'a, ɗana, hirarka ta yi min daɗi. Inda ka tsaya nan na tsaya. Ka ce shaho ne ya tashe ka? Daga nan sai me ya faru?"

Dole Namadi ya ci gaba. Ya faɗi yadda iska ta taɓa kaɗa shi a sama ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Ya faɗi yadda yake hango Zariya daga Kano in gari ya yi garau. Matar nan mai 'yan biyu ta juyo tana salati. Samarin suka ce, "Oga, ashe kai tsohon hannu ne!" Layi gaba ɗaya ya zama majalisa, wannan ya tambaya, wancan ya ba da nasa labarin, ango ya miƙo gyaɗa aka zagaya da ita. Wani ma har lambar wayar Namadi ya karɓa, wai yana da eriyar da ta karkace a saman bene.

Rumasa'u ta ja masa hannun riga. "Abba, kowa gaba yake yi, mu baya muke yi."

"Haƙuri, uwata. Ladabi ne."

Ya sake waigawa don ya ba da hanya, sai ya ga ba kowa. Su ne ƙarshen layi, kuma an ja sarƙa a bayansu.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kiɗa ya tsaya, fitilu suka mutu, duk lilunan filin suka yi tsit. Yara suka sa ihun takaici. Namadi kuwa bai san lokacin da ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi ba. Kowa ya juyo yana kallonsa.

"Ai... a kowane hali godiya ake yi," in ji shi. "Rumasa'u, kin ga ƙaddara ko? Mu je in saya miki askirim."

Bai rufe baki ba janareto ya ɗauka, fitilu suka dawo, yara suka hau tafi.

Ya duba agogo. "Kai, Baba, ina jin ban yi la'asar ba."

"Ka yi, ɗana. Sahu ɗaya muka tsaya a masallacin bakin ƙofa. Har ƙafata ka taka."

Nan fa dabara ta ƙare. Aka buɗe ƙofa, layi ya zube ciki. Rumasa'u da Zulai, waɗanda a tsayuwar nan suka riga suka zama aminai har sun yi musayar awarwaro, suka ruga suka zauna tare a tsakiya. Da Namadi da dattijon suka iso, wuri ɗaya ya rage: kujerar can ƙarshe, bakin wutsiyar jirgin, wadda ta fi kowacce tashi sama. Samarin suka ce, "Oga, mun bar maka wajen manya!"

Namadi ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. Ya kalle ni, na kawar da kai. Ya kalli ƙofar fita. Sai Rumasa'u ta juyo ta ɗaga masa hannu, fuskarta kamar an kunna fitila, ta ce, "Abba, zo mana!" Wallahi a nan ya ba ni tausayi, kuma ya burge ni. Ya cire hularsa ya jefo min, ya yi bismillah, ya hau.

Aka sauke musu ƙarfen kariya a cinya. Jirgi ya fara lilo a hankali. Namadi har da ɗaga min yatsa. Jirgi ya ƙara sama, yatsan ya sauka. Ya sake ƙarawa, sai na ji wata murya siririya, mai kaifi kamar ta sabuwar amarya da ta ga ɓera, ta keta filin nan. Na ɗauka matar nan ce mai 'yan biyu. Ashe abokina ne.

Ya fara da kalmar shahada. Ya shiga Ƙulhuwallahu, bai kai ƙarshe ba ya faɗa addu'ar shiga kasuwa, ya fito ya kama ta cin abinci. Daga nan ya koma kan mai injin. "Direba! Akwai sauka! Direba, don girman iyayenka akwai sauka!"

Da ya ga ba mai sauke shi, sai ya rungume dattijon, ya cusa kai a ƙirjinsa, ya fara wasiyya. Mu da ke ƙasa guntu-guntu muke jin ta, duk lokacin da jirgin ya sauko ya wuce ta gabanmu.

"Baba, ka shaida! Shago a bar wa ƙanena Sagiru..."

Jirgi ya yi sama. Ya dawo.

"...ka gaya wa matata Saudatu kada ta auri Alhaji Mamuda, ko wa za ta aura ban da shi..."

Ya yi sama. Ya dawo.

"...a binne ni a Gezawa, a ƙasa, Baba, a ƙasa sosai..."

Dattijon kuwa gemunsa na tashi a iska, idonsa a buɗe tar, yana kallon gari yana murmushi. Hannunsa ɗaya na riƙe da hula, ɗayan na bubbuga bayan Namadi kamar mai lallashin jariri. Da jirgin ya kai ƙololuwa na ƙarshe, muka ji Namadi ya kwarma, "Tattabaruna, Baba! Na saman ɗaki, duk na bar maka, halak malak! Ka dinga ba su gero!"

A hankali jirgi ya rage gudu, ya tsaya. Aka ɗage ƙarfe. Kowa ya sauka yana dariya, sai mai injin ne ya je ya ɓamɓare yatsun Namadi daga rigar dattijon ɗaya bayan ɗaya. Namadi ya sauko yana tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, takalmi ƙafa ɗaya. Na miƙa masa hula da gorar zoɓo, ya shanye tas bai numfasa ba.

Mutanen layi suka kewaye shi, samarin na riƙe ciki, amarya ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Wanda ya karɓi lambar waya ya ce, "Oga, maganar eriyar nan, bar ta kawai." Sai ga Rumasa'u ta ratso da gudu ta faɗa jikinsa.

"Abba! Na ji ka! Ka fi kowa iya ihu! Zulai ta ce babanta ko hawa ba ya iya yi!"

Ita har ga Allah yabo take. Namadi na jin haka sai jini ya dawo masa fuska. Ya sa hula, ya karkata ta, ya yi gyaran murya, ya dubi jama'a.

"To kun ji. Ai dama haka ake yi. In babba ya yi shiru a sama, yara sai su tsorata. Duk ihun nan da kuka ji don in ƙarfafa musu gwiwa ne. Mu da muka saba, wannan ai kujerar hutawa ce." Ya juya wajen dattijon. "Ko ba haka ba, Baba? Kai ne shaida."

Dattijon yana ta faman gyara rigarsa da ta yamutse, aljihu ɗaya ya yage yana reto. Ya shafa gemu, ya dubi Namadi sama da ƙasa, ya ce:

"Haka ne, ɗana, na shaida. Sai dai maganar tattabarun nan da ka bar min. In koma Ringim in jira ajalinka, ko mu sake shiga layi?"